Tukunya Mai Huji 19: Yadda Ake Gane Aikin Tsohon Kayan Girki

Darasin da na kawo mana a wannan makon a kan wata tsohuwar tukunya ne da ta kusa tafiya juji a gidanmu. Mako uku na yi ina bincike a kanta, Malamin kimiyya da Malamin ilimin zamantakewa suna yi mini jagora. Ina so mu koyi yadda ake gane aikin tsohon kaya da inda ya fito, domin na tabbata akwai irin wannan kaya a gidajen da yawa daga cikinmu.

Yadda na same ta

A daminar bana ruwan sama ya kayar da bangon tsohon ɗakin Kakata a gidanmu da ke Yelwa. Ita Kaka shekara biyu ke nan da komawarta wurin Goggo, a wani ƙauyen bakin ruwa a ƙasar Ngaski, saboda haka ɗakin a rufe yake. Baba ya ce a fitar da kayan ciki kafin magina su zo. Aka ware na ƙarfe don a sayar wa 'yan gwangwan, na ƙasa kuma aka ce a farfasa a cike wani rami da ruwa ya ci a ƙofar gida.

A cikin na ƙasan ne na ga wannan tukunya a kife a ƙarƙashin gado. Ta yumɓu ce, bakinta da faɗi, gindinta kuma ya tsuke kamar na ƙwarya. Da na ɗaga ta sai na ga haske yana shigowa ta ƙasa. Na ƙirga huji guda 19 a gindin. Akwai tsaga a gefe guda, daga baki zuwa tsakiya. Na roƙi Baba a bar mini ita. Ya ce ya ba ni zuwa ranar da magina za su gama aiki, in ban faɗi amfaninta ba za ta bi sauran.

Kowa da abin da ya ce

Yayana ya ce tukunya ce ta tsufa aka huda ta don a riƙa kife 'yan tsaki da ita. Wani maƙwabcinmu masunci ya ce ta yi kama da abin bandar kifi. Inna kuwa ko ɗaya ba ta yi shakka ba. Ta ce: "Wannan ai tukunyar tokar Kakarku ce. Tun da aka kawo ni gidan nan da ita na ga tana tace ruwan toka."

Amsa uku ke nan a kan abu ɗaya. Washegari na kai maganar wurin Malamin kimiyya. Ya ce kada in zaɓi amsar da ta fi yi mini daɗi, in koma in duba tukunyar da kyau, in ga wace amsa ce alamomin jikinta suka gaskata.

Sai dai kafin nan na riga na yi kuskure. Ranar da na same ta na ɗauki soso da sabulu na wanke rabin cikinta don ta yi kyau. Da Malam ya ji, ya ce abin da nake kira dauɗa shi ne shaidar da muke nema. Allah ya taimaka ban wanke ɗaya rabin ba. Wannan shi ne darasi na farko: in ka samu tsohon kaya, kada ka wanke shi, kada ka kankare shi, sai ka gama dubawa.

Mataki na ɗaya: auna ka rubuta

Na ɗauki rula da littafi. Faɗin bakin santimita 28 ne, tsayin tukunyar kuma santimita 17. Kowane huji ɗan yatsana ƙarami yana shiga daidai, kuma kusan duk girmansu ɗaya. An jera su ne: ɗaya a tsakiya, shida sun kewaye shi, goma sha biyu sun kewaye shidan. Babu huji ko ɗaya a gefen tukunyar. Na zana hotonta ta sama da ta gefe. Amfanin rubutawa shi ne ko da kayan ya fashe daga baya, bayaninsa yana nan.

Mataki na biyu: yaushe aka yi hujin?

Malam ya sa na yi gwaji. Na kwaɓa yumɓu na yi ɗan faifai da shi, na huda shi da kara tun yana ɗanye. Bakin hujin ya fito sumul, kuma yumɓun da karan ya tura ya ɗan taru a ɗaya gefen kamar leɓe. Sai na ɗauki tsingaron wata fasasshiyar tukunya na huda shi da ƙusa. Bakin wannan hujin ya ɓarɓashe, ya yi kaushi, a karo na biyu ma tsingaron ya rabu biyu.

Da na shafa ƙofofin tukunyar Kaka, duka 19 sumul suke, kuma kowanne yana da wannan ɗan leɓe ta ciki. Ke nan maginiyar ce ta huda su da hannunta kafin a gasa tukunyar. Da hujinta aka yi ta tun farko. A nan amsar Yayana ta faɗi.

Mataki na uku: ina alamar wuta?

Duk wanda ya je inda ake bandar kifi a bakin ruwa ya san yadda wurin yake. Hayaƙi da man kifi suna haɗuwa su zama baƙin abu mai danƙo, kuma warinsa ba ya fita ko an daɗe. A wasu sassan Najeriya akwai tukwanen da ake kyafe nama ko kifi a ciki, amma su a jikinsu duka ake yin huji don hayaƙi ya ratsa ta ko'ina.

Tukunyarmu ba haka take ba. Cikinta babu danƙo, babu ƙarni. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gindinta: ja ne, babu baƙin wuta ko kaɗan. Baƙin hayaƙi yana nan a gefe, ta sama. A tsakanin jan gindin da baƙin gefen akwai wani layi da ya kewaye ta kamar zobe, wurin ya goge ya yi santsi. Ma'ana ta daɗe kusa da murhu, amma wuta ba ta taɓa gindinta ba, saboda a cikin bakin wani abu take zama. Amsar maƙwabcinmu ma ta faɗi.

Mataki na huɗu: me ya rage a ciki?

A rabin da ban wanke ba akwai wani farin abu da ya bushe ya manne, har ya toshe huji uku. Ga wanda bai san ruwan toka ba: ana ƙona karan gero ko na dawa, a zuba tokar a mazubi mai huji, a zuba ruwa a kai, ruwan ya riƙa ɗiga a hankali cikin wani mazubin. Wannan ruwa ake sa wa a miya a madadin kanwa. In ya bushe yana barin fari a jikin mazubin. Don haka maganar Inna gaskiya ce, an tace toka a cikin wannan tukunya.

Na yi murna, na ce wa Malam na gama. Sai ya tambaye ni abu biyu. Na farko, mai tace toka yana so ruwa ya ɗiga a hankali, to me zai yi da manyan huji har 19? Na biyu, ba a kan wuta ake tace toka ba, to daga ina hayaƙin gefen ya zo, kuma me ya yi wannan zobe? Na yi shiru. Amsar Inna ta bayyana farin, ba ta bayyana baƙin ba.

Mataki na biyar: tambayi mai abin

Ranar Asabar Baba ya kai ni wurin Kaka. Na naɗe tukunyar a zani na rungume ta a mota har muka isa. Bayan gaisuwa na kwance zanin. Kaka ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce: "Ke kishiya, ina kika tono madambacin uwata?"

Na ce: "Kaka, Inna ta ce na toka ne."

Ta yi dariya ta ce: "Uwarki a tsufansa ta same shi. Sai da ya tsage ya daina riƙe tururi na mai da shi na toka, ina shimfiɗa masa tsumma a ciki don kada ruwan ya zube da sauri. Amma don dambu aka gina shi."

Ashe madambaci ne. Ni na ƙarfe kawai na sani, da kuma yadda Inna take zuba tsaki a buhu ta turara a cikin tukunya. Ban taɓa ganin na ƙasa ba. Kaka ta nuna mini yadda ake aiki da shi. Ana ɗora tukunyar ruwa a murhu, a zaunar da madambacin a bakinta, a liƙe mahaɗar da jiƙaƙƙen tsumma ko kwaɓaɓɓen gari. Sai a zuba tsakin gero da aka ɗan jiƙa, a rufe da faifai. In ya yi rabin dahuwa a sauke, a haɗa da rama ko zogale da albasa, a mayar ya ƙarasa.

Nan take kowace alama ta samu bayaninta. Gindin ja ne saboda a cikin tukunyar ruwa yake, wuta ba ta kai gare shi. Zoben shi ne inda yake gogar bakin tukunyar ƙasa. Baƙin gefe hayaƙin murhu ne. Farin ciki kuma na aikinsa na biyu ne.

Wannan shi ne babban darasin da na samu. Tsohon kaya yakan yi aiki fiye da ɗaya a rayuwarsa, kuma aikin da aka gan shi yana yi a ƙarshe ba lallai ne shi ne wanda aka yi shi dominsa ba. Inna ta faɗi abin da ta gani da idonta, Kaka ta faɗi abin da ya riga zuwan Inna. Da na tsaya a amsar farko mai kyau, da na rubuta muku rabin gaskiya.

Kimiyyar da ke cikin madambaci

Ruwa yana tafasa a kusan digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, ya zama tururi. Tururin yana tashi sama, kuma in an liƙe mahaɗar ba shi da hanya sai ta cikin hujin. Idan ya taɓa tsakin da bai kai shi zafi ba sai ya koma ruwa, ya sakar wa tsakin zafi mai yawa. Haka kowace ƙwaya take samun zafi da ɗan danshi, ta kumbura ta dahu ba tare da ta nutse a ruwa ba. Shi ya sa dambu yake fitowa warwar, ba ya caɓewa kamar fate.

Daga nan za mu gane dokoki uku da iyayenmu mata suke bi. Ana liƙe mahaɗa saboda tururi yana bin hanya mafi sauƙi, in ya samu kafa ta gefe ba zai ratsa abincin ba. Ba a danna tsaki a madambaci, saboda in ya danne tururi ba zai samu wurin wucewa ba. Kuma ba a cika tukunyar ƙasa da ruwa har ya taɓa gindin madambacin, in ba haka ba na ƙasa zai jiƙe. Tsagar da ke gefen na Kaka ita ce kafar da tururi ya samu, shi ya sa ya daina aikin dambu.

Ba mu kaɗai muke da wannan dabara ba. Mutanen Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya suna dafa kuskus a tukunya mai hawa biyu, ta saman tana da huji kamar madambaci. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sa kuskus a jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Shi ma matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda ya ziyarci daular Mali a 1352, ya ba da labarin cewa mutanen can suna yin kuskus da wata ƙaramar ƙwaya irin acca. Ke nan an daɗe ƙwarai ana irin wannan girki a Afirka ta Yamma.

Daga ina ya fito?

Da na gane aikinsa, sai na koma kan asalinsa. A nan ma jikinsa ya taimaka. In ka shafa cikinsa za ka ji sawun yatsu, kuma kaurin bangonsa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Launinsa ja ne da ɗan duhu-duhu a wasu wurare. Malam ya ce haka tukwanen da aka gina da hannu aka gasa su a fili da itace da ciyawa suke. Da irin wannan gini na hannu Ladi Kwali ta fara, wato matar da hotonta yake a bayan takardar naira 20. A shekarar 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ke tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, daga baya aka san ta har a Turai da Amurka.

Sauran labarin a bakin Kaka na same shi. Ita a tsibiri aka haife ta, cikin Gungawa. Kalmar gungu tana nufin tsibiri, su kuma suna kiran kansu Reshe. Ta ce mahaifiyarta ta sayi madambacin a hannun wata maginiya a kasuwar Yelwa, aka tsallaka da shi a jirgin ruwa, tun ita Kaka tana ƙarama.

Malamin ilimin zamantakewa ya taimaka mini da shekaru. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Da aka tare ruwan sai ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, ya shanye tsibirai da gonaki da garuruwa da yawa, har da tsohon garin Bussa. An tayar da mutane sama da 40,000, aka gina musu sababbin ƙauyuka na gidajen siminti a tudu. Gidan su Kaka yana cikin waɗanda aka tayar, lokacin tana da shekara goma ko kusa da haka.

Ta ce ranar tashi jirgin ya cika da hatsi da tabarmi da awaki. An bar manyan randuna da dutsen niƙa saboda nauyi. Madambacin kuwa a kan cinyarta mahaifiyarta ta ɗora shi, ta ce in ya fashe ba ita ba cin dambu. Haka ta rungume shi har suka kai gaci. Da ta tashi aure aka sa mata shi a kayan ɗaki, ya sake dawowa Yelwa inda aka fara sayen shi.

Ga lissafin da ya fito. Tun da yana nan lokacin da ruwa ya taso a 1968, ya haura shekara 55, ya girmi Babana, ya kuma girmi Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991. Gidan da aka fara dambu da shi yau yana ƙarƙashin ruwa. Kaka ta ce a cikin duk kayan da suka fito da su daga tsibirin shi kaɗai ya rage.

Me ya sa wannan ya shafe mu?

Kafin ruwan ya taso, masu binciken kayan tarihi sun yi gaggawar tono wasu tuddai a wannan kwari, har da kusa da Yelwa. Sun samu tsingaron tukwane da ƙananan siffofi na yumɓu da suka haura shekara 1,000. Su ba su da wanda za su tambaya, sai alamomin jikin kayan kawai, irin waɗanda na bi a mataki na ɗaya zuwa na huɗu. Mu kuwa muna da mataki na biyar, domin kakanninmu da suka ga tashin 1968 da idonsu suna raye, ko da yake kullum raguwa suke yi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in wanda za a tambaya yana nan.

A jiharmu akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu, a Kano kuma akwai Gidan Makama, inda ake ajiye tsofaffin kaya don jama'a su gani. Amma yawancin irin waɗannan kaya a ƙarƙashin gadajen gidajenmu suke, kuma duk ranar da aka yi gyaran ɗaki wasu suna tafiya juji ko hannun 'yan gwangwan.

Da muka dawo gida na karanta wa Baba abin da na rubuta. Ya ce shi kansa ya ci dambun wannan madambaci yana yaro, amma bai taɓa jin labarin jirgin ba. Yanzu yana kan kabad a ɗakin Baba, da takardar bayaninsa a ciki. Ramin ƙofar gida kuwa an cike shi da sauran tukwanen, waɗanda ban tsaya na duba ba, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Aikin gida ga mai karatu

1. Nemi tsohon kayan girki guda ɗaya a gidanku, kamar akushi, ƙoshiya, maburgi, tanda ko dutsen niƙa. Nemi izini kafin ka ɗauka.

2. Kada ka wanke shi. Auna shi, zana shi, rubuta abin da aka yi shi da shi.

3. Duba inda ya goge, inda ya yi baƙi, da abin da ya manne a jikinsa. Rubuta abin da kowace alama take nunawa.

4. Tambayi mutum biyu a ƙalla, ɗaya ya zama wanda ya fi kowa tsufa a gidan. In amsarsu ta bambanta, rubuta duka biyun, ka gwada su da alamomin.

5. Tambayi wani babban abu da ya faru a lokacin da aka samo shi, kamar tashin 1968 ko auren wani a gidan, don ka iya lissafin shekarunsa.

Duk wanda ya gama ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Za mu liƙa guda uku da suka fi kyau a wannan allo, tare da zanensu.